Ranar da Wasa Ya Tsaya: Matasan Sunkani Tsakanin Duhun Lantarki da Labaran Sararin Samaniya

A ƙarshe-ƙarshen watan Afrilun 2024, Kamfanin Dakon Wutar Lantarki na Najeriya, TCN, ya sanar da cewa ɓarayin ƙarafa sun kayar da turaku 4 a kan babban layin da ya tashi daga Jos zuwa Gombe. Ta wannan layi wuta ke bi ta isa Gombe, ta wuce Yola, sannan ta gangaro Jalingo da garuruwan da ke kewaye da ita. Cikin waɗannan garuruwa akwai Sunkani, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ardo Kola a Jihar Taraba. Abin ya faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke hana barci, kuma aka ɗauki makonni ana jiran gyara.

Asarar da aka fi magana a kanta ita ce ta masu walda, masu niƙa, masu sayar da ƙanƙara da asibitoci, kuma ita ce ta fi cancanta a yi maganarta. Sai dai akwai wata ƙaramar asara da ba ta shiga kanun labarai ba, wadda iyaye da yayye suka gani a cikin gidajensu. Matashin da ya saba kwana da waya a hannu, yana fafatawa da abokansa a wasan intanet, ya wayi gari wayar ba caji. In ya kai ta shagon mai caji, kuɗin ya ƙaru, domin janareto da mai yake aiki, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 farashinsa bai sauko inda yake a da ba. In ya samu cajin, sai ya tarar sabis ɗin yana zuwa yana ɗaukewa. Ɗan batirin da ya samu kuwa dole ya adana shi saboda kira da tura kuɗi, tunda wasa irin wannan yana zuƙe batir cikin sa'o'i kaɗan.

Ga babba, wannan ba abin kuka ba ne. Ga yaro mai shekara 17 da ya gama sakandare yana jiran sakamakon jarabawa, sa'o'i 4 ko 5 ne na kowace rana suka zama fanko a lokaci guda. Abin da ya cike wannan gurbi, da wanda ya kamata ya tanadi abin cikewar, ya shafi ma'aikatan da ke zaune a Abuja fiye da yadda da yawansu suke zato.

Abin da ake rasawa

Kafin a raina damuwar matashin, ya kamata a san abin da ya rasa. Wasannin da suka fi karɓuwa a wayoyin samarin Arewa sun haɗa da PUBG Mobile, wanda ya fito a 2018, da Free Fire na kamfanin Garena da ke Singafo, wanda ya riga shi da 'yan watanni, da Call of Duty Mobile na 2019, sai kuma wasannin ƙwallon ƙafa irin su eFootball. A PUBG, ana sauke 'yan wasa 100 a kan tsibiri guda, kowa ya nemi makami da mafaka, fili yana ta ƙanƙancewa, har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya. Free Fire ya rage adadin zuwa 50, ya gajarta zagayen zuwa kamar minti 10, kuma yana tafiya a kan ƙananan wayoyi, shi ya sa ya samu shiga inda aljihu bai da nauyi.

Yawanci mutum 4 ne ke haɗa ƙungiya, suna magana da juna ta lasifikar kunne yayin da ake wasan. Ɗaya yana Sunkani, ɗaya yana makaranta a Zariya, ɗaya ya tafi neman kuɗi Legas, na huɗu wataƙila ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Saboda haka wasan dandali ne, irin wanda a da ake yi a ƙofar gida bayan sallar isha'i. A cikinsa ake tsokanar juna, a ciki ake jin labarin wanda ya samu gurbin karatu da wanda mahaifinsa ba shi da lafiya. Akwai kuma matsayi: kowane zango na wasan yana da matakan girma da ake hawa, wanda ya daɗe bai shiga ba sai a wuce shi. Wasu har kuɗi suke kashewa wajen sayen kayan ado da makamai na cikin wasan.

Duk wannan dukiya ba ta cikin wayar yaron. Tana ajiye ne a manyan kwamfutocin kamfanin, waɗanda ake kira saba, mafi yawansu a ƙasashen waje. Duk lokacin da ya danna allon wayarsa a Sunkani, saƙon zai hau ƙarfen sabis mafi kusa, ya bi wayar ƙarƙashin ƙasa zuwa gaɓar teku, ya ratsa ta wayar ƙarƙashin ruwa, ya isa sabar, ya dawo, duk cikin abin da bai kai daƙiƙa guda ba. In tafiyar ta yi jinkiri kaɗan, an harbe shi kafin ya ga maharbin. Sarƙa ce mai zobba da yawa: lantarki, man janareton ƙarfen sabis, wayoyin ƙasa da na teku, kuɗin data, izinin hukuma, da kuma ra'ayin kamfanin da ya mallaki wasan. Ko wane zobe ya tsinke, wasa ya tashi, kuma babu ko ɗaya da ke hannun ɗan wasan.

Zobban da suka taɓa tsinkewa

Cikin 'yan shekarun nan kusan kowane zobe ya taɓa tsinkewa a Najeriya. A ranar 3 ga Satumban 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a duk faɗin Jihar Zamfara, bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle, don taimaka wa sojoji a yaƙin da suke da 'yan bindiga. Mako 2 aka ce da farko. Gusau ba ta samu sabis ba sai a farkon Oktoba, yawancin sauran jihar kuma sai ƙarshen Nuwamba. Matakin ya bazu zuwa ƙananan hukumomi 13 na Katsina, da 14 na Sakkwato, da wasu sassan Kaduna. Mutane sun riƙa hawa mota zuwa garuruwan maƙwabta don kawai su kira 'yan'uwa ko su cire kuɗi. A irin wannan hali ba wanda zai tsaya tambayar halin da ɗan wasan intanet ke ciki, amma shi ma watanni ya yi ba tare da dandalinsa ba.

A ranar 14 ga Maris na 2024, wayoyin intanet 4 da ke kwance a ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa. Manhajojin bankuna suka ƙi buɗewa, intanet ya yi nauyi daga Legas har Jalingo. Wata guda da 'yan kwanaki bayan haka turakun Jos zuwa Gombe suka faɗi. A watan Oktoban shekarar, matsala a layin Ugwuaji zuwa Apir ta haɗu da ta layin Shiroro zuwa Kaduna, mafi yawan jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, a daidai watan da litar fetur ta haura naira 1,000 a Abuja. A watan Janairun 2025 kuma NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Wannan bai kashe wasa ba, amma ya rage wa ɗan talaka sa'o'insa.

A wasu wuraren hukuma ce ko kamfani ke rufe ƙofar da gangan. Indiya ta haramta PUBG Mobile a watan Satumban 2020 tare da wasu manhajoji 117, a tsakiyar rikicin iyakarta da Sin, ta bi Free Fire da irin wannan hukunci a Fabrairun 2022. Kamfanin Electronic Arts ya rufe Apex Legends Mobile a watan Mayun 2023, wasan bai cika shekara guda da fita duniya ba. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft na Faransa ya kashe sabar wasan tseren motoci mai suna The Crew, waɗanda suka saye shi da kuɗinsu suka kasa buɗe shi. Fushin da ya biyo baya ya haifar da gangamin neman doka a Tarayyar Turai, wanda ya tara sa hannun mutum sama da miliyan 1. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma ɗan wasan intanet, ko a Sunkani yake ko a Paris, da kayan aro yake ado.

Kwanakin farko

Wanda ya taɓa zama da matashin da aka raba da wasansa ya san yadda kwanakin farko suke. Hannu yana kai wa aljihu ba da niyya ba. Barci ba ya zuwa a lokacin da ya kamata, domin jiki ya saba da farkawa har tsakar dare. Ƙaramin abu ya isa ya jawo faɗa da ƙanne. Wasu iyayen kan ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa yaro ya kamu da cuta, sai dai ya kamata a yi hattara da saurin yanke hukunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya larurar wasan kwamfuta cikin kundinta na cututtuka, wanda aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a Janairun 2022. Amma sharuɗɗanta masu tsauri ne: sai mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, kuma yawanci a ɗauki wata 12 a haka. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa wannan matsayi. Galibin samari kewa ce ke damunsu da rashin abin yi.

Ƙasar Sin ta zaɓi hanyar doka. Tun ƙarshen Agustan 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa sa'a guda, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. A Taraba ba a buƙatar irin wannan doka, faɗuwar turaku ta wadatar. Bambancin shi ne, wanda ya rufe ƙofa da niyya yakan yi tunanin inda yaran za su nufa, ita kuwa ɗaukewar wuta ba ta tanadar wa kowa komai.

Inda za su nufa sananne ne. Wasu sukan koma ƙwallo a filin firamare, wasu ludo da kati da dara a gindin bishiya, wasu su bi iyaye gona tunda ƙarshen Afrilu lokacin sharar gona ne. Wasu kuma sukan faɗa majalisar da iyaye ke tsoro, inda ake zagayawa da ƙwaya da kwalbar maganin tari. Akwai kuma hanyar da ba ta cin batir, ba ta neman sabis, ana iya binta da hasken rana ko na ƙaramar fitilar sola: littafi. Sai dai yaron da ya saba da jiragen yaƙi da taswirar tsibirai ba lallai ne littafin soyayya ko na nasiha ya riƙe shi ba. Wanda ya fi kusa da abin da ya rasa shi ne ƙagaggen labarin kimiyya, wato labarin da aka gina a kan tambayar me zai faru in aka ƙera wata na'ura, ko aka isa wata duniya, ko wani abin da aka dogara da shi ya lalace.

Tauraruwar da ta fito daga Zariya

Da yawa suna ɗauka irin wannan adabi na Turawa ne kaɗai. Tarihi bai goyi bayansu ba. A 1969, shekarar da 'yan sama-jannatin Amurka suka taka duniyar wata, Kamfanin Buga Littattafai na Arewa, NNPC, da ke Zariya ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Labarin wani yaro ne mai suna Kilba da ya haɗu da wani baƙo daga sararin samaniya, Ƙolin Ƙoliyo, suka yi tafiye-tafiye a cikin jirginsa. Manazarta adabi suna ɗaukarsa a matsayin littafin Hausa na farko da ya shiga wannan fage sosai. Wani abin lura shi ne marubucin nan shi ne kuma ya rubuta Wasannin Yara. Mutum ɗaya ya damu da yadda yaran Hausawa ke wasa, ya kuma damu da abin da suke hangowa in sun ɗaga kai sama.

Umaru Dembo bai tsiro daga fako ba. Gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933 ta samar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu labaran tafiya ne zuwa ƙasashe masu nisa, cike da aljannu da abubuwan al'ajabi. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya bi sahu da jarumin da ke karawa da abokan gaba ɗaya bayan ɗaya, tsarin da duk ɗan wasan kwamfuta zai gane nan take, domin haka ake hawa mataki-mataki har a kai ga babban abokin gaba. A ɓangaren ilimi kuma, Imam da East sun haɗu sun rubuta Ikon Allah, inda suka bayyana al'amuran halitta da kimiyya da Hausa mai sauƙi. Abin da Tauraruwa Mai Wutsiya ya yi shi ne haɗa waɗannan koguna biyu: ya ɗauki tafiyar al'ajabi ta tatsuniya, ya musanya dokin aljani da jirgin sama-jannati.

Wannan reshe bai yi yabanya yadda ya kamata ba. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, soyayya da zamantakewar aure ne suka mamaye shi, sai littattafan yaƙi da na bokaye da aljannu, waɗanda samari suka yi ta haya a shagunan littattafai. Karɓuwar da waɗannan na ƙarshen suka samu ta nuna cewa ƙishin baƙuwar duniya yana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne marubutan da za su shayar da shi da ilimin taurari, na lantarki da na kwamfuta.

Najeriyar gobe a cikin littafi

Da Turanci kuwa, 'yan Najeriya sun yi nisa a wannan fage. Nnedi Okorafor ta lashe manyan lambobin Hugo da Nebula da gajeren littafinta Binti na 2015. A Lagoon na 2014 ta sauke baƙin halittu a gaɓar tekun Legas. The Shadow Speaker na 2007 a Jamhuriyar Nijar ta kafa shi, a shekarar 2070. Wanda ya fi kusa da mai karatu na Arewa shi ne Noor na 2021, inda wata mata mai sassan jiki na ƙarfe ke gudun hijira tare da wani makiyayi Bafulatani da shanunsa, a Arewacin Najeriyar da wata gawurtacciyar guguwar rairayi ta mamaye, wani babban kamfani kuma yana tatsar lantarki daga iskarta. Yaron da ya tashi a Ardo Kola, inda noma da kiwo ke gogayya a kan ƙasa ɗaya, ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi kafin ya gane kansa a ciki.

Tade Thompson ya karɓi lambar Arthur C. Clarke a 2019 da Rosewater, labarin wani gari da ya tsiro a kewayen wata baƙuwar halitta a Najeriyar 2066. Oghenechovwe Donald Ekpeki ya samu Nebula a 2022 da O2 Arena, inda iskar shaƙa ta zama hajar sayarwa. Mujallar Omenana, wadda Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu suka kafa a 2014, tana buga irin waɗannan labarai na marubutan Afirka, ana kuma iya karanta su kyauta.

Akwai tsohon labari guda da ya dace da halin wanda wasansa ya tsaya fiye da kowanne. A 1909 marubucin Ingila E. M. Forster ya wallafa The Machine Stops. A cikinsa mutane suna zaune a ƙarƙashin ƙasa, kowa a ɗakinsa shi kaɗai, wata Na'ura tana kawo musu abinci, iska da kiɗa, suna ganin juna suna hira ta wani faifai mai haske. Wata uwa mai suna Vashti ta gamsu da haka, ɗanta Kuno kuwa yana son ya ga sama da idonsa. A hankali Na'urar ta fara tangarɗa, kuma ba sauran wanda ya san yadda ake gyara ta. An rubuta wannan tun kafin a fara watsa shirye-shiryen rediyo, amma wanda ya karanta shi a daren da Jalingo ke cikin duhu zai ji kamar da shi ake.

A nan ne amfanin wannan adabi ya zarce ɗebe kewa. Wasa yana koya wa yaro saurin hannu da aiki tare, amma an tsara shi ne don ya manta da na'urar da ke ƙarƙashinsa. Labarin kimiyya yana juya fuskarsa zuwa ga na'urar, ya sa shi tambayar wa ya ƙera ta, wa ke riƙe da makunninta, me zai faru ranar da ta tsaya. Irin wannan tambaya takan zama sana'a. Arthur C. Clarke, wanda aka sa wa lambar can sunansa, shi ne ya rubuta a wata mujallar injiniyoyin rediyo a 1945 cewa tashoshi 3 da aka rataye a nisan kusan kilomita 36,000 daga doron ƙasa za su iya isar da saƙo kusan ko'ina a duniya. A wannan falaki ne tauraron sadarwar Najeriya, NigComSat-1R, da aka harba a Disambar 2011, yake shawagi. Liu Cixin na ƙasar Sin, wanda littafinsa The Three-Body Problem ya ci Hugo a 2015, injiniya ne da ya shafe shekaru yana aiki a wata tashar samar da lantarki a lardin Shanxi. Taraba kuwa ita ce jihar da aka yi wa alƙawarin madatsar Mambila mai megawat 3,050, wadda aka shafe fiye da shekara 40 ana maganarta, aka sa hannu a kan kwangilar dala biliyan 5.8 a 2017, har yau ba ta kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba. Ta Kashimbila mai megawat 40 ce aka samu aka kammala. Jihar da ke cikin wannan hali tana buƙatar yaran da ke son sanin yadda ruwa ke zama wuta.

Gaskiya ce littafi ba ya maye gurbin komai da komai. Ba ya amsa sallama, ba ya dariya, ba ya kawo muryar abokin da ke Zariya. Makon farko na karatu yana da wuya ga idon da ya saba da allo mai motsi. Abin da ke sauƙaƙa shi sanannen abu ne a ƙasar Hausa: a fara da gajerun labarai, a karanta a bayyane, a bar littafi ɗaya ya zagaya hannuwa. Haka aka yi da Magana Jari Ce, haka matan aure suka yi da littattafan Kano, haka kuma gidajen rediyo suke yi har gobe a shirye-shiryen karatun littafi. Ƙungiyar mutum 4 da ta iya tsara yadda za ta kame tsibiri za ta iya yin musu a kan ko Kuno ne ke da gaskiya ko mahaifiyarsa.

Littafin yana ina?

Duk wannan yana tsayawa ne a kan sharaɗi guda, wato littafin ya kasance a kusa ranar da wuta ta ɗauke. A nan ne maganar ta dawo kan teburin ma'aikacin tarayya. Tauraruwa Mai Wutsiya yana da wuyar samu a kasuwa a yau. Littattafan Okorafor da Thompson yawanci bugun waje ne ko na Legas da Abuja, kuɗin ɗaya ya fi na datar wata guda, kuma da Turanci suke. Ajiye littafi a manhaja ma ba tabbas ba ne: dandalin OkadaBooks, wanda marubutan Hausa da dama suka dogara da shi wajen sayar da ayyukansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023 bayan shekara 10 yana aiki. Littafin da ke zaune a sabar wani, hukuncinsa ɗaya da na wasan da ke zaune a can.

Gwamnatin tarayya ta ɗauki matakai a kan ɓangaren wayoyi. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da dole a kare, majalisar zartarwa kuma ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wayar intanet. Ɓangaren takarda ne aka bari a baya. Duk wanda ke aiki a tsakiyar birnin Abuja ya san ginin hedikwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda aka ba da kwangilarsa a 2006, aka kuma shafe shekara da shekaru ana wucewa ta gabansa ba a kammala ba.

Abin da ake buƙata bai kai girman wancan gini ba. Hukumar UBEC tana sayen littattafai don makarantun firamare da ƙananan sakandare. NERDC ce ke tsara manhajar karatu. Hukumomin jarabawa ne ke zaɓen littattafan adabin Hausa da ɗalibai za su nazarta, kuma duk littafin da suka zaɓa, mabugi zai sake buga shi domin ya san akwai masu saye. TETFund tana tallafa wa wallafa a manyan makarantu, ciki har da Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a Jalingo a 2008. Hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, tana da injiniyoyin da za su iya zama alƙalan gasar rubuta labarin kimiyya da Hausa ko Fulfulde. Gasar 1933 ba ta ci kuɗi mai yawa ba, amma littattafai 5 da ta haifar suna cikin waɗanda ake karantawa har yau. Mataimakin ɗan majalisa da ke tsara ayyukan mazaɓa ya san ana ware kuɗi don kekunan ɗinki da babura, akwatin littattafai da fitilar sola a makarantar gari bai fi ƙarfin wannan kasafi ba.

Akwai kuma abin da ba ya jiran takardar ofis. Ma'aikata da yawa a Abuja iyalansu suna gida, a Jalingo ko Gusau ko Funtuwa, kuma su ne ke tura wa 'ya'ya da ƙanne kuɗin data a ƙarshen wata. Wanda zai je gida hutun salla ko na Kirsimeti zai iya sa littafi 2 ko 3 a jaka tare da tsarabar da ya saba kaiwa. In ya karanta su a hanya, ya samu abin hira da yaron da a da ba ya ɗago kai daga waya.

An gyara turakun Jos zuwa Gombe, wuta ta dawo Jalingo, shagunan caji sun rage cunkoso, 'yan wasa sun koma tsibirinsu suna neman matsayin da suka rasa. Ba wanda zai hana su, kuma ba dalilin hana su muddin karatu da aiki ba su tauyu ba. Sai dai layin da aka sare sau ɗaya ana iya sake sare shi, kamar yadda watan Oktoban shekarar ya nuna. A wancan karon yawancin gidajen Sunkani ba su da abin da za su miƙa wa yaro in ya ajiye waya. Ko za su samu a karo na gaba, wani ɓangare na amsar yana cikin fayilolin da ke kan tebura a sakatariyar tarayya.